Tambayoyinku: Masu Sana'ar Biki a Saudiyya da Abin da Korona Ta Bari

Wasiƙun wannan wata sun fi zuwa daga masu neman abincinsu a harkar biki da taro: masu istiraha (gidan da ake haya don biki da taro), masu girki, masu zuba gahawa, masu ɗaukar hoto. An daɗe da ɗage dokokin korona, amma wasu har yau bashin 2020 suke biya, kuma damuwarsu kusan ɗaya ce: in wata annobar ta ɓullo, Allah Ya kiyaye, ta ina za a tare ta? Mun taƙaita wasiƙun, mun cire sunaye kamar yadda muka saba.

Assalamu alaikum. Ina da istiraha a kudancin Jidda, haya nake yi. Lokacin da aka rufe wuraren biki a 2020 na riga na karɓi kafin alƙalami na darare da yawa, na zuba kuɗin a gyaran wuri da sababbin kujeru. Da mutane suka zo karɓar kuɗinsu sai da na ci bashi. Shin dole ne in mayar? Kuma yaya zan tsara aikina yanzu? (Wani Alhaji, Jidda)

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya warware maka. Mu fara tuna yadda abin ya gudana. A tsakiyar Maris 2020 aka dakatar da biki a zauruka, istirahohi da otal-otal. Ranar 21 ga Yuni aka ɗage dokar hana fita, amma aka ce taro kada ya wuce mutum 50. A farkon Fabrairun 2021 aka sake rufewa, aka rage taron jama'a zuwa mutum 20. Sai ranar 17 ga Oktoba 2021 aka bar zauruka su cika, ga waɗanda suka yi rigakafi. Wata 19 kenan ana rufewa, ana buɗewa rabi-rabi, ana sake rufewa. Wanda ya yi lissafin cewa wata uku abin zai wuce, shi ya fi shan wuya.

Batun mayar da kuɗi kuwa, ya danganta da wanda ya fasa. In hukuma ce ta hana, ba kai ka fasa ba, ba mai biki ya fasa ba, to kuɗin nasa ne. Dokar mu'amalar jama'a ta Saudiyya, wadda ta fara aiki a Disamba 2023, ta ce idan cika alkawari ya gagara saboda dalilin da babu hannun mutum a ciki, yarjejeniya ta warware da kanta. A 2020 babu wannan doka, amma a Disamban shekarar Kotun Ƙoli ta fitar da ƙa'idojin da alƙalai za su bi a shari'un korona, kuma inda suka dosa kenan. Asalin abin a fiƙihu yake, babin da malamai ke kira wad'ul jawa'ih. A hadisin Jabir da Muslim ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya hana wanda ya sayar da 'ya'yan itace karɓar kuɗin ɗan'uwansa idan bala'i ya lalata amfanin. Saboda haka mayarwar da ka yi ba asara ba ce kawai, haƙƙi ka sauke.

In kuma hukuma ba ta hana ba, ta dai rage yawan mutane, mutum ya kama zauren 300 aka ce 50 kaɗai za su shiga, a nan aka fi kai ruwa rana. Bikin zai yiwu, amma biyan cikakken kuɗi ya zama zalunci ga mai biki, mayar da duka kuma zalunci ne gare ka. Dokar ta ce a zauna a daidaita, in ya gagara alƙali ya rage nauyin zuwa gwargwadon da hankali zai ɗauka. Kada ka bari a kai ga alƙali. Rubuta farashi uku tun farko a takarda: kaza in zaure cike, kaza in rabi aka yarda, kaza in mutum 50 ko ƙasa da haka.

Hali na uku shi ne mai biki ya fasa don kansa, babu dokar da ta hana shi. A nan dokar ƙasar ta ce wanda ya ba da arbun, wato kafin alƙalami, yana da damar janyewa, amma ba zai karɓi kuɗinsa ba, sai in an yi sharaɗin akasin haka. Sai dai ka lura da mutanenmu. Yawancinmu a mazhabar Imam Malik muka taso, kuma Malikiyya ba su halatta riƙe arbun ba, Hambaliyya ne suka halatta. Dattijo zai iya zuwa da zuciya ɗaya ya ce maka haram kake ci. Karanta masa sharaɗin da Hausa kafin ya miƙa kuɗi, a gaban shaida. Mu a ganinmu abin da ya fi adalci shi ne mataki-mataki: wanda ya fasa saura wata uku a mayar masa duka ko kusan duka, domin za ka samu wani, saura wata ɗaya, rabi, saura mako guda, babu. In kuma ka samu wanda ya kama daren, ka mayar masa ko da takarda ba ta tilasta ka ba. Unguwa ɗaya kuke, 'ya'yansa mata ba su ƙare ba.

Yanzu ga abin da ya kai ka cin bashi. Kafin alƙalami ba cinikinka ba ne sai daren bikin ya wuce. Buɗe asusu na biyu a banki, duk arbun ya shiga can, ranar da aka watse daga biki ka kwaso na wannan daren zuwa asusun aiki. Abin da za ka iya taɓawa kafin nan shi ne wanda aka kashe takamaimai don wannan bikin, da rasit, da sanin mai shi. Gyaran wuri da kujeru daga riba ake yinsu ko daga bashin da aka ci don su, mai wa'adi sananne.

Sai ajiyar ko-ta-kwana. Tara abin da za ka biya ko an yi biki ko ba a yi ba: haya, albashin mai gadi da mai shara, kuɗin igama (takardar izinin zama a ƙasar) da lasisi, ƙaramin kuɗin wuta da ruwa. A ɗauka riyal 15,000 ne a wata. Wata shida 90,000 kenan. In kana yin dare 90 a shekara, riyal 500 daga kowane dare zai cika maka shi a shekara biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kuma je wurin mai gida. Ƙa'idojin Kotun Ƙoli na 2020 sun ba da damar rage haya gwargwadon amfanin da aka rasa, amma gara a rubuta hakan a yarjejeniyarku ta Ejar, tsarin rajistar haya na gwamnati, tun yanzu, kuma ka nemi biyan haya duk wata uku maimakon shekara guda a dunƙule.

Abu na ƙarshe, wanda ya kayar da masu zauruka da dama bayan an buɗe: ɗage biki maimakon mayar da kuɗi. Yana da kyau, yana tsare kuɗi a hannu. Amma da aka buɗe kowa daren Alhamis ko na Juma'a yake so, a Shawwal ko hutun makaranta, sai ka wayi gari dararen da suka fi tsada duk sun cika da bukukuwan da ka riga ka cinye kuɗinsu, a tsohon farashi, alhali harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 cikin 100 tun 1 ga Yuli 2020. Ka sa ƙa'ida: waɗanda aka ɗage ba za su wuce rabin manyan darare ba, wanda ya yarda da Litinin ko Talata a ƙara masa wani abu, kamar gahawa da ruwa kyauta. Takarda kuma ta fayyace ko farashin ya haɗa da haraji, da wanda zai ɗauki ƙarin in ya canja.

Ni mai girkin biki ce a Sharar Mansur. Ina yi wa masu aure da suna, lokacin Hajji da Umra kuma ina samun ciniki wurin baƙi 'yan gida masu marmarin tuwo da waina. A 2020 duka biyun suka tsaya rana ɗaya. Yanzu aiki ya dawo amma ribar ba kamar da ba, musamman a ƙananan bukukuwa. Ina matsalar take? (Wata Hajiya, Makka)

Hajiya, ku mutanen Makka kun fi kowa ɗanɗanawa. An dakatar da shigowar masu Umra daga waje ranar 27 ga Fabrairu 2020, aka sa wa Makka da Madina dokar hana fita dare da rana daga 2 ga Afrilu. Alhazai kusan miliyan 2.5 a 2019, suka koma kimanin 1,000 a 2020, sannan kusan 60,000 a 2021, duk mazauna ƙasar. Kin ɗauka kina da kasuwa biyu, ashe ɗaya ce: duka biyun sai mutane sun taru.

Matsalar ƙananan bukukuwa lissafi ce. Akwai kuɗin da ke bin yawan faranti, wato shinkafa, nama, mai, kayan miya, roba. Akwai kuma wanda ba ruwansa da yawan baƙi: gas, mota, 'yan taya aiki, wanke tukwane. A ɗauka na biyun riyal 600 ne, kayan kowane faranti kuma riyal 12. A bikin mutum 200, faranti ya tsaya miki a 15. A na mutum 30, ya tsaya a 32. In kina sayarwa 20 a duka biyun, babban biki ne ke ciyar da ƙarami, kuma a lokacin annoba babban ne ke ɓacewa. Ki raba farashinki gida biyu, ki faɗa wa mai biki a fili: kuɗin aiki kaza ne ko mutum nawa ne, sannan kaza a kan kowane mutum. Ki kuma riƙa aunawa da sikeli, ba da ido ba. Ɗanyar shinkafa giram 100 zuwa 120 ta ishi mutum ɗaya, buhu mai kilo 10 na ciyar da 80 zuwa 100. Ki ƙara kashi 10 cikin 100 saboda zubewa da baƙon da ba a gayyata ba, ki tsaya a nan.

Karɓar kuɗi ma a jera shi da sayayya. Busassun kaya, shinkafa da mai da roba, ki saya da kashin farko, domin in an fasa ba su lalace ba. Nama, kaji da ganye kada ki saya sai saura kwana biyu, kuma sai kashi na biyu ya shigo hannu.

Lokacin korona an bar babban tire da mutum shida ke zagayewa aka koma kowa da robarsa. In haka ta sake faruwa, ki sani robar na da nata haɗarin. Shinkafa na ɗauke da wata ƙwayar cuta da dafuwa ba ta kashe irinta gaba ɗaya. In shinkafar ta huce ta zauna da ɗumi-ɗumi sai ta farfaɗo ta saki guba, sake ɗumamawa kuma ba ya kawar da gubar. A babbar tukunya zafi na daɗewa. A ƙaramar roba nan da nan yake sauka. Abinci mai zafi ya zauna sama da digiri 60, mai sanyi ƙasa da 5. Tsakanin nan kada ya wuce awa biyu, a zafin Makka na bazara kuwa awa ɗaya. Don haka kada ki zuba tun la'asar don abincin da za a ci ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Ki kai tukunyar a rufe, a zuba a wurin, ko ki sa robobin a kula mai riƙe zafi. Ma'aunin zafi mai tsinke da ake sokawa a abinci ba shi da tsada, ki mallaki ɗaya. Miya daban, shinkafa daban, salak kuma kada ya hau kan abinci mai zafi.

Kasuwar da ba ta buƙatar taro kuwa tana hannunki tuntuni: dubulan, alkaki, cincin, nakiya, yaji, garin kunu, garin ɗanwake, da abincin rana ga gidajen da uwa ke fita aiki. Kada ki jira annoba kafin ki fara. Ko kwana ɗaya a mako ki ware musu, domin lambobin masu saye su taru a wayarki. Game da takardu, mai taɓa abincin jama'a na buƙatar shaidar lafiya ta baladiyya, wato hukumar birni. In 'yar ƙasa ce ke, ki yi rajista a tsarin iyalai masu sana'ar gida. In igama gare ki, hanyar da ba ta da fargaba ita ce aiki ƙarƙashin kicin mai lasisi. Buɗe wuri da sunan wani ɗan ƙasa alhali naki ne, wato tasattur, hukuncinsa na kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5.

Ina kula da zauren biki. A lokacin korona mun sayi ƙofar feshi da bindigar auna zafi, muna goge kujeru sau uku a dare, duk da haka mun ji labarin waɗanda suka kamu bayan biki. Me ke aiki da gaske, don kada mu sake zubar da kuɗi? (Wani Malam, Madina)

Malam, tambayarka ta fi kowace muhimmanci ga lafiyar jama'a. A Maris 2020 an yi wani biki a Irbid ta ƙasar Jodan, cikin rufaffen zaure, mutum kimanin 360. Bayan bincike aka samu 76 daga cikinsu sun kamu, kuma an danganta abin da mutum ɗaya da ya dawo daga Sifaniya. Mutum ɗaya ba zai taɓa kujera 76 ba. Cunkoso, kusanci da iskar ɗakin ne suka raba cutar.

Ƙofar feshi ka manta da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan fesa wa mutane magani: ba ya hana mai cuta fitar da ita daga hanci da baki, yana kuma tayar da asma, ya ƙona ido. Bindigar auna zafi tana kama mai zazzaɓi ne kawai, alhali mutum na yaɗa korona kafin zazzaɓi ya zo, wanda ya fito daga mota mai sanyi ko ya tsaya a rana kuma lambar da za ta ba ka ba gaskiya ba ce. Goge wuri yana da amfani ga wasu cututtukan, musamman na ciki, amma sau ɗaya da kyau ya isa, a ƙara da hannun ƙofa da banɗaki. Ruwan bilic mai ƙarfin kashi 5, mililita 20 a litar ruwa, a haɗa sabo kullum, a bar shi minti ɗaya kafin a goge. Ka gargaɗi masu shara kada su haɗa bilic irin Clorox da ruwan wanke masai irin Flash, hayaƙin da ke tashi na iya kwantar da mutum a asibiti.

Kuɗinka ka kai su wurin iska. Na'urar sanyi irin ta bango ba ta shigo da iskar waje ko kaɗan. Ta ɗakin take tsotsa, ta sanyaya, ta mayar, kamar mai wanka da ruwan da ya riga ya yi wanka da shi. Sanyin da ake ji shi ke yaudarar mutane su ɗauka iskar sabuwa ce. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shi ne lita 10 na sabuwar iska a daƙiƙa ga kowane mutum, wato kubik mita 36 a awa. Mutum 200 na buƙatar 7,200. Duba jikin fankokin da ke fitar da iska a zaurenka, an rubuta ƙarfin kowace. In jimillarsu 3,000 ce, to a lokacin annoba zaurenka na mutum 80 ne, ko da kujera 300 ke ciki. In na'urarka ta tsakiya ce mai bututu, kira mai gyara ya duba ƙofar shigowar iskar waje. Sau da yawa a rufe za a same ta, an rufe don rage kuɗin wuta.

Yadda za ka tabbatar shi ne da ƙaramar na'urar auna CO2, iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi. Nemi wadda aka rubuta NDIR a kwalinta, masu arha da yawa ƙiyasi kawai suke yi. A waje za ta nuna kusan 420. A ciki, ƙasa da 800 ya yi kyau. In ta haura 1,500 mutane numfashin juna suke shaƙa. Ka ajiye ta daidai tsayin kan mai zaune, nesa da ƙofa da taga, ba kusa da bakin kowa ba, kuma ba kusa da kaskon turaren wuta ba, don garwashi zai ɗaga lambar. A duba lokacin da zaure ya fi cika, ba kafin baƙi su iso ba.

Ɓangaren mata ya fi buƙatar wannan aiki. Shi ya fi cika, ya fi daɗewa, nan ake waƙa da guɗa da ɗaga murya, kuma shi aka fi toshe wa tagogi saboda sutura. Ba sai an zaɓi ɗaya tsakanin sutura da iska ba. Rawashin, tagogin katako masu huji-huji na tsofaffin gidajen Jidda da Madina, don haka aka yi su: iska ta shiga, ido bai shiga ba. Maƙerin alminiyam zai yi maka taga mai karkatattun faifai a sama kusa da rufi. Fankar fitarwa a bango ɗaya, mashigar iska a bangon da ke fuskantarsa. In ka sa su gefe ɗaya, iskar za ta shiga ta fita ba ta ratsa mutane ba. Zafi kuwa, a sanyaya zauren sosai kafin baƙi su zo, kuma tunda bikinmu na dare ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu farfajiyar waje ta fi kowace na'ura.

Inda fanka ta gaza, a cike da na'urar tace iska mai HEPA, wato matata mai kama ƙananan ƙwayoyi. Lambar da za ka duba ita ce CADR, wato yawan iskar da take tacewa a awa. In an rubuta 500, a ƙarshen gudunta ne, da ƙara. A matsakaici ka lissafa kusan rabi. Gara ƙanana da yawa a warwatse da babba ɗaya a lungu. Hayaƙin turare na toshe matatarta da wuri, don haka a turara zauren kafin a kunna. Ka sani kuma ba ta rage lambar CO2, kada ka ce ba ta aiki.

Dattawa a zaunar da su kusa da mashigar iska. Finjalin gahawa kuma kada ya bar hannun wani ya koma na wani ba tare da wankin sabulu ba.

Ina ɗaukar bidiyo. A 2020 na fara haska ɗaurin aure kai tsaye ga dangi na Kano, Damagaram da Maiurno ta Sudan. Zai ɗore a matsayin sana'a? (Wani matashi, Riyad)

Zai ɗore, ɗan'uwa, domin danginmu a warwatse suke ko babu annoba, biza da tikiti kuma ba kowa ke iyawa ba. Amma ka sayar da shi a matsayin ƙari a kan aikinka, da farashinsa daban.

Murya ta fi hoto. Kaka a Kano za ta yafe hoto mai hazo, ba za ta yafe rashin jin siga da addu'a ba. Ja waya daga na'urar lasifikar wurin, ko ka maƙala ƙaramin makirfo a rigar mai ɗaurawa. Gwada intanet a wurin, a irin lokacin da za a yi, kuma ƙarfin turawa za ka duba, ba na saukewa ba. Megabit 4 tsayayye ya isa hoto matsakaici. Riƙe layi biyu na kamfani daban-daban, don in baƙi 200 suka hau wayoyinsu layin na iya shaƙewa. Kada ka tura hoto mafi nauyi, masu kallo data suke saya. Zoom na kyauta yana yankewa a minti 40. A katin gayyata rubuta lokaci biyu: Saudiyya na gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, Sudan da awa ɗaya. 'Yan'uwa na Sudan da yaƙi ya lalata wa hanyoyin sadarwa, ka yanka musu taƙaitaccen bidiyo mara nauyi da za a tura ta WhatsApp.

Ɓangaren mata kada kyamararka ta leƙa. In iyali na so, mace ce za ta ɗauka, a sanar da baƙi tun a ƙofa, kyamara ta fuskanci kosha, wato dandamalin zaman amarya, kaɗai, mahaɗin kallon kuma na sirri. Dokar laifukan intanet ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 1 da tarar da ta kai riyal 500,000 kan keta sirrin mutane da kyamarar waya.

Tunda a Riyad kake, ka leƙa tarukan kamfanoni. Taron shugabannin ƙasashen G20 da Saudiyya ta shirya a Nuwamba 2020 ta intanet aka yi shi, kuma tun daga nan masu shirya taro suka saba da haɗa na zaure da na nesa. Ga Expo 2030 na tafe a garinku.

Ni ce shugabar mata masu zuba gahawa, mu goma sha biyu. Kuɗin dare ake biyanmu. A korona babu wanda ya tuna da mu. Me za mu yi wa kanmu? (Wata Inna, Jidda)

Gaskiyarki, Inna. Tallafin rashin aiki na Sanid na Afrilu 2020, da ya biya kashi 60 cikin 100 na albashi, na 'yan ƙasa ne masu rajista a hukumar inshorar ma'aikata. Mai aikin dare-dare, hannu baka hannu ƙwarya, ba ta cikin lissafin.

Adashin da kuke yi ba zai tsaya muku ba, domin ranar da aiki ya tsaya zubi ma ya tsaya, wadda ba ta kwasa ba ta shiga uku. Ku buɗe asusu daban wanda ba a kwasa. Riyal 5 daga kowane 100, a cire tun kafin a raba kuɗin dare. Littafi a hannun mace ɗaya, kuɗi a hannun wata, a karanta lissafi gaban kowa duk wata. Ku rubuta tun yanzu abin da zai sa a buɗe shi: rufe wuraren biki, ko jinyar da ta wuce mako biyu. Biki da suna na 'yan ƙungiya ba sa ciki.

Daga asusun nan ku riƙa biyan rabin kuɗin dare ga wadda ta tashi da tari ko zazzaɓi ta zauna a gida. Mai zuba gahawa na sunkuyawa gaban kowace baƙuwa a zaure, ta fi kowa haɗarin ɗauka, ta fi kowa haɗarin rabawa, kuma in zaman gida na nufin kwana da yunwa, ɓoyewa za ta yi. Ku kuma nemi arbun daga masu biki kamar kowa, da sharaɗin cewa in an fasa saura kwana biyu rabin kuɗinku ya tabbata.

Ki tuna wa matanki cewa ranar 30 ga Maris 2020 Sarki Salman ya ba da umarnin a yi wa kowa maganin korona kyauta, har wanda takardunsa ba su cika ba, ba tare da an hukunta shi ba. A irin wannan lokaci ku saurari sanarwar hukuma da kunnenku, ku kira 937 na Ma'aikatar Lafiya, kada tsoron jita-jita ya sa a ɓoye mara lafiya a ɗaki.

Akwai inshorar da za ta biya ni in annoba ta sa an soke taro? (Mai hayar kujeru da rumfuna, Ɗa'if)

Da wuya, Alhaji. Bayan asarar 2020 kamfanonin inshora a duniya sun cire cututtuka masu yaɗuwa daga yawancin takardun soke taro. In wani ya ce tasa na biya, ka ce ya nuna maka layin a shafin abubuwan da aka keɓe, ya kuma amsa maka a rubuce ko rufewar hukuma na ciki. Ta gobara da ta raunin baƙi kuwa ka yi, waɗannan suna aiki. Kayanka ma in za su daɗe a sito, ka shanya rumfunan su bushe sarai kafin a naɗe, ka ɗora su kan katako ba a ƙasa ba, a riƙa warware su duk wata biyu, janareto kuma a tayar da shi duk wata na minti 20, da kayan wuta a jone, don kada man ciki ya lalace ya toshe shi.